Mai Batir da Sarauniyar Tudu

Tun da Auta ta iya hawan keke, babu namijin da ya taɓa wuce ta a tudun tankin ruwa in ka cire mahaifinta. Shi ya sa ran nan da safe, da ta ji wata 'yar ƙara a bayanta, ko waiwaye ba ta yi ba. Ta miƙe a kan feda, ta sunkuyar da kai, gumi na bin wuyanta, ta ci gaba da kokawa da tudun.

Sai ga wani saurayi a gefenta. Zaune yake ɗas a kan sirdi kamar mai hutawa a kujerar falo, farar rigarsa a goge, jakar littattafai a baya, ko ɗigon gumi babu a goshinsa.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce da ita yana murmushi. Ya wuce abinsa.

Ya wuce fa! Auta ta saki baki har ƙafarta ta kusa zamewa daga feda. Ita guda, wadda aka yaye a cikin shagon gyaran keke, ita ce yau wani mai farar riga ke yi wa sannu kamar tsohuwa da kayan itace. Zuciya ta ɗebe ta, ta canza giya, ta bi shi kamar ranta zai fita. Tazarar sai ƙaruwa take yi.

A can sama, a ƙofar makarantar sakandare, ta same shi yana kulle keken. Ta tsaya tana haki. Sai idonta ya sauka a kan wani dogon baƙin akwati manne a jikin ƙarfen keken.

"Batir!" ta ce, ta dafe ƙirji. "Innalillahi, ashe batir ne! Malam, ba ka ji kunya ba?"

"Kunyar me, ranki ya daɗe?"

"Ka hau babur, ka zo kana yi wa masu keke sannu."

"Keke ne wallahi. Duba da kyau, ba shi da totur irin na babur. In ban tuƙa feda ba, ko nan da can ba zai je ba. Ni nake tuƙi, shi kuma ya ƙara mini."

"Ai ɓarawo ma ƙara wa kansa yake yi."

Ya yi dariya har sai da ya riƙe gindin bishiya. Ya ce shi malamin lissafi ne a makarantar, sabon zuwa, kuma yana so ya san sunan wadda ta bi shi tun daga ƙasa don kawai ta kira shi ɓarawo.

"Ka tambayi tudun nan, ya san ni," ta ce, ta juya kekenta.

"To, a sauka lafiya, Sarauniyar Tudu!"

"Ka ji da shi, Mai Batir!"

Haushi take ji har cikin ƙashinta. Amma da ta isa gida ta ga fuskarta a madubin keke, sai ta tarar murmushi take yi, abin ya ƙara ba ta haushi.

Mahaifin Auta, kowa Shugaba yake ce masa, don shi ke jan ƙungiyar mahaya keke ta unguwar tun kafin a haife ta. Shagonsa ɗan ƙarami ne, tayoyi rataye a rufi, sifanoni jere a bango kowace da ƙusarta, ga kwanon ruwan gwada faci a bakin ƙofa. A jikin allon shagon ya sa an rubuta da jan fenti: BA MA TAƁA MAI BATIR. A ganinsa keke alkawari ne tsakanin mutum da ƙafarsa, duk abin da ya shiga tsakani munafunci ne. Hali zanen dutse, babu wanda ke ɓata bakinsa a kan wannan.

A ƙarƙashin wannan allon Mai Batir ya zo ya tsaya wata rana da yamma, yana turo keke da tayar gaba a sace. Shugaba ya fita sayo kaya, Auta ce kaɗai.

"Ba ka iya karatu ba ne, malamin makaranta?" ta ce, tana nuna allon.

"Na iya. Ai ba batir na kawo ba, taya na kawo."

Ta harare shi, ta cire tayar, ta hura, ta tsoma a kwanon ruwa, ta juya ta sake juyawa. Ko kumfa ɗaya bai tashi ba.

"Wannan tayar lafiyarta ƙalau. Kai ka sace iskar da hannunka."

"Ni kam ban ce ta fashe ba," ya ce yana kallon rufi.

Lambar wayar da ke jikin allon tata ce, ita ke amsa masu kawo gyara. Kafin ta wanke giris a hannunta saƙo ya shigo.

"Sarauniyar Tudu, na gode da gyaran da ba a yi ba. Tayar baya ma tana ce mini ba ta jin daɗi. Gobe in kawo ta?"

Ta amsa: "Ka kawo, in Baba ya fasa maka ita gaba ɗaya."

"In dai zan gan ki, ya haɗa har da ta gaban."

Daga nan zance ya kama hanya. Kullum da safe sukan haɗu a gindin tudu, shi ya rage ƙarfin batir, ita ta ƙara na ƙafa, su hau tare suna musu. Ta ce kekensa ya yi nauyin jaki, ranar da caji ya ƙare sai ya gwammace tafiyar ƙasa. Ya ce gaskiya ne, amma shi yana isa aji bai jiƙe ba. Ta ce nata da sifana ɗaya za ta kwance shi ta mayar, nasa kuwa in ya yi gardama sai an nemo mai gyaran rediyo. Ya ce nan ma ta yi gaskiya, amma ta lura duk hawan da ta yi shi ma ya yi, ƙafarsa ba ta daina juyawa ba.

Wata rana ya lallaɓe ta ta gwada. Ta hau tana yatsina, ta zura ƙafa a cikin maɗaurin da ke kan kowace feda, ta danna sau ɗaya. Keken ya ɗauke ta kamar an kira sunanta daga sama. Auta ta yi ihu, ta yi dariya, ta sake ihu, ta je ta dawo idanunta waje.

"Na shiga uku," ta ce. "Ni ce dai nake tuƙawa, amma kamar a ranar da na fi kowace rana ƙarfi. Kar ka gaya wa kowa na ce haka."

"Bakina da zif."

"Amma me ya sa ka sa maɗauri a feda, kai da ba tsere kake yi ba?"

Ya dubi fedar. "Tsohon ciwo ne a ƙafar dama. Yana taimaka mini."

Ta riga ta lura yana ɗan ɗingisawa in ya gaji. Ba ta ƙara tambaya ba, so ya riga ya cika mata ido.

To, a cikin ƙungiyar Shugaba akwai wani matashi da ake kira Walƙiya, saboda gudunsa. Ya daɗe da sa wa ransa cewa Auta tasa ce, duk da ita ba ta taɓa ba shi fuska ba. Shi ya kai wa Shugaba labari, ya ƙara gishiri, ya ce har an ga 'yarsa a kan keken batir tana dariya a bainar jama'a.

Shugaba ya saki sifanar da ke hannunsa ta faɗi ƙasa. "Auta? Autata?"

Ranar da Mai Batir ya zo gaishe shi a shago, da niyyar neman izinin turo manyansa, Shugaba bai dube shi ba. Keken ya duba. Haka yake yi wa kowa, yakan ce mutum na iya ƙarya amma kekensa ba ya yi. Ya durƙusa, ya sa hannu a baya don kar ya taɓa, ya ƙura wa feda ido, ya zaga ɗaya gefen, ya leƙa sirdi. Can ya miƙe, fuskar nan a murtuke.

"Fedar hagu ta cinye, ta dama kamar yau aka fito da ita daga kwali. Sirdin ma gefe ɗaya ya lotsa. Kai ko da inji na tura ka, ƙafa ɗaya kake ba aiki, ɗayar tana hutu! Tun da nake ban taɓa ganin ragwanci irin wannan ba."

"Baba, ba haka..."

"Ban haife ka ba. Wanda bai zauna daidai a kan sirdi ba, ba zai zauna daidai a gidan aure ba. Ranar da rayuwa ta kawo tudu, wane maɓalli za ka danna wa 'yata? Ɗauki baburinka ka ba ni wuri."

Mai Batir ya sunkuyar da kai ya tura kekensa. Auta tana bayan labulen shago tana jin komai, hawaye suka wanke mata fuska. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne shirun da ya yi.

Ta tura masa saƙo: "Me ya sa ba ka kare kanka ba? Me ya sa ba ka ce masa ciwo ne ba?"

Ya amsa: "Ki yi haƙuri, Sarauniyata. Akwai maganar da ba ta shago ba ce. Ki ba ni lokaci."

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Walƙiya ya tare ta a hanya, yana wani tausaya mata da murya.

"Ni ba gulma ba ce, amma duk ranar Alhamis da yamma keken nan nasa yana ƙofar wani gida mai koren ƙyaure a bayan kasuwa. Wata mace ce ke buɗe masa, su shige su rufe ƙofa. Ki je ki gani da idonki."

Ta ce ƙarya yake yi. Amma Alhamis na yi sai ga ta a bayan kasuwa. Ga koren ƙyaure, ga keken a kulle. Ko allon da ke saman ƙofar ba ta tsaya karantawa ba. Ta ji muryar mace daga ciki tana cewa, "Ɗaga wandon sosai, in gani." Jini ya hau mata ka, ta banka ƙofar ta shiga.

Abin da ta gani ya sa jakarta ta faɗi.

Mai Batir na zaune a kan dogon benci, wandonsa na dama a naɗe. Daga ƙasan gwiwa babu komai. Wata dattijuwa cikin farar rigar aiki tana tsaye riƙe da ƙafar roba, takalminsa na makaranta sanye a jikinta. A bango ƙafafu ne da hannaye jere, manya da ƙanana. Wurin masu haɗa ƙafar roba ne.

Dattijuwar ce ta fara dawowa hayyacinta, ta ajiye ƙafar a hankali, ta ce bari ta duba wani abu a ciki.

"Tun yaushe?" Auta ta ce.

"Tun ina ɗan sakandare. Mota ce ta same ni, a kan keke. Na yi shekaru ban hau ba, don duk tudun da na gwada sai dungulmin ya fashe. Wannan keken ne ya dawo da ni kan hanya." Ya kasa kallonta. "Na taɓa neman aure. Ranar da iyayen yarinyar suka sani, ranar aka ce in dakata, har yau ina dakatawa. Na so ki san ni tukuna kafin ki san ƙafar. Na yi kuskure, na sani."

Ta zauna a ƙasa daɓas, ta fashe da kuka. Kukan na tausayi ne, na kunya ne, na haushi ne, duk a haɗe.

"Ɓarawo fa na ce maka! Ranar farko! Kana dariya!"

"Ai ranar na fi jin daɗi. Kin zage ni kamar kowa, ba ki ce mini Allah sarki ba."

Ta share ido ta dube shi sosai. "Ka saurare ni, Malamina. Ɓoyewar ce ta ɓata mini rai, ba ƙafar ba. Kar ka sake ɓoye mini ko ciwon kai. Ni ba ƙafa na ce ina so ba."

Shi ma sai ga hawaye. Dattijuwar tana bayan ƙofa tana jan hanci.

A gida kuwa Umma, mahaifiyar Auta, ta gaji da ganin 'yarta tana ramewa. Ta sami Shugaba yana shan shayi ta zauna a gabansa.

"Malam, yarinyar nan mutum za ta aura ko keke? Ka bincika halinsa, kowa yabonsa yake. Kai feda kawai ka tambaya. In ba za ka ba shi ba, to ka ba shi hanyar da zai bi."

Shugaba ya juya cokali a kofi. Can ya ce, "Shi ke nan. Dokar ƙungiya ce, duk mai son shiga cikinmu sai ya hau tudun tanki tun daga gindi har sama bai sauka ba. Ya zo ranar Lahadi ya hau, ba batir. In ya kai, ya turo manyansa. In bai kai ba, kar in sake jin zancen."

Umma ta yi murna. Auta kuwa da ta ji, sai hankalinta ya tashi. Ta shige ɗaki ta rubuta masa:

"Baba ya ce ka hau tudu ba batir. Ba za ka iya ba, ƙafarka za ta fashe. Yanzu zan je in gaya masa gaskiya."

"Don Allah kar ki faɗa. In ya sani yanzu, ko ya hana ni don tsoro, ko ya ba ni don tausayi. Ba na son ko ɗaya. Ki bari ya gan ni a kan hanya sau ɗaya, daga nan ni da bakina zan faɗa masa, ko na kai ko ban kai ba."

"In wani abu ya same ka fa?"

"Ai Sarauniyar Tudu na bayana. Ki yi mini addu'a kawai."

Lahadi da safe 'yan ƙungiya suka cika gindin tudu, kowa da hular kwano da siririn kekensa. Labari ya bazu, har masu shaguna sun fito kallo. Mai Batir ya iso cikin dogon wando, ya zare batirin ya ajiye a gefen hanya.

Shugaba mutum ne mai adalci ko yana fushi. Ya turo masa wani keke mara nauyi. "Hau wannan. Naka ba batir ai gungumen ƙarfe ne."

"Na gode, ranka ya daɗe. Da nawa na saba."

Wurin ya ɗauki surutu. Walƙiya ya tuntsire da dariya, ya ce a tanadi mai ɗauko gawa. Auta ce kaɗai ta san dalili, tsayin sirdin da maɗaurin fedar duk an daidaita su ne da ƙafar roba.

Aka tashi. Shugaba na gefensa yana sa ido, Auta na baya, sauran suna biye. Farkon tudun ya tafi lafiya. Da aka kai tsakiya gumi ya jiƙa farar rigar sharkaf, keken na tangaɗi hagu da dama, numfashinsa kamar ana zuga wuta. Dariyar Walƙiya ta ragu. Shugaba ya fara kallon saurayin ta gefen ido, don ya san nauyin abin da yake ja, kuma bai ji ya yi ko ƙorafi ba.

Auta ce ta fara ganin jini. Ɗan jan tabo ne a wandon, ƙasan gwiwar dama, yana faɗaɗa. Ta cije leɓe har ita ma ta ji ɗanɗanon jini.

Sun shiga kwanar ƙarshe, inda tudun ya fi tsayuwa, har ana hango tankin. Mai Batir ya miƙe ya danna da dukkan ƙarfinsa. Gumi ya riga ya sassauta ƙafar. Sai ji aka yi ƙwas! Ƙafar dama ta zame daga cikin wando, ta fice daga maɗauri, ta faɗi a kan kwalta da takalminta, ta gangara.

Wata mata a bakin hanya ta kurma ihu ta zube. Wani ya yi salati da ƙarfi. Mahaya biyu suka yi karo da juna suka faɗi. Walƙiya ya taka burki ya daskare, baki buɗe, yana kallon ƙafa na gangarowa wajensa.

Shugaba ya ga wandon da babu komai a ciki yana kaɗawa. A cikin ƙiftawar ido fedar hagu da ta cinye, da sirdin da ya lotsa, da kalmar ragwanci da ya jefa wa yaron nan, duk suka dawo masa. Ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi.

Mai Batir bai sauka ba. Da ƙafar hagu kaɗai yake dannawa yana jawowa da maɗauri, keken na tafiya kamar zai tsaya, tayar gaba na karkata. Saura kaɗan ya kife.

Shugaba bai yi shawara da kowa ba, ko da kansa. Ya matso da kekensa, ya saki hannun dama, ya ɗora tafinsa a tsakiyar bayan saurayin, ya tura.

"Tuƙa, ɗana! Kar ka tsaya! Tuƙa!"

Tsoho na turawa yana nishi, saurayi na tuƙawa da ƙafa ɗaya, haka suka ci kwanar, haka suka kai gindin tanki. Nan Shugaba ya yar da kekensa, abin da bai taɓa yi ba, ya rungumo shi ya zaunar a kan dakali.

Can sai ga Auta ta iso tana tuƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun rungume da ƙafar a ƙirjinta, fuska duk hawaye. Ta miƙa masa ita a gaban kowa, ba ta ji kunyar kowa ba.

Shugaba ya dube ta. "Kin sani?"

"Na sani, Baba."

Ya juya ga saurayin. "Me ya sa ba ka faɗa mini ba? Na tsaya a shagona na kira ka rago!"

"Na so ka ga tuƙina kafin ka ga ƙafata, ranka ya daɗe. Ka yafe mini."

Walƙiya ya ƙaraso, ya ga abin na neman kuɓuce masa. "Allah ya ba shi lafiya, amma Shugaba, doka doka ce. Tura shi aka yi. Bai hau da kansa ba."

Shugaba ya miƙe a hankali. "Kai, ranar da ka fara hawa tudun nan, wa ya tura ka a wannan kwanar kana kuka kana kiran uwarka?"

Aka fashe da dariya. Walƙiya ya sunkuyar da kai.

"Rabin waɗanda ke tsaye a nan da hannun nan na kai su sama. Ranar da na tura ku, ba a kan keke kuke ba? A kan me kuke? Mutum na tuƙa iyakar ƙarfinsa, wani abu ya dafa masa baya, sai a ce..."

Sai ya tsaya cak, don ya ji abin da bakinsa ke faɗa. Ya dubi tafin hannunsa, ya dubi gurbin batirin da ke jikin keken. 'Yan ƙungiya suka zuba masa ido.

"A je a ɗauko masa abin nasa a ƙasa," ya ce da ƙyar. "Ba zai koma gida a haka ba." Ya share fuska da hannun riga. "Kai kuma ka je a duba ciwon nan. In ya warke ka turo manyanka."

Auta ta durƙushe a wurin tana kuka tana dariya.

Ba a ja lokaci ba aka sa rana. Shugaba ba mutumin da ya iya ba da haƙuri da baki ba ne, don haka ya bayar da irin yadda ya iya. Ya je wurin dattijuwar mai haɗa ƙafa, ya zauna kamar ɗalibi ta nuna masa yadda gwiwar ke lanƙwasa. Ya dawo ya rufe kansa a shago yana yanka yana gogewa, har ya ƙera wata feda ta dama, mai faɗi, gajeriya kaɗan, wadda ba za ta ƙara matsa dungulmin ba. In aka tambaye shi ko yanzu ya yarda mai batir keke ne, sai ya haɗe rai ya ce, "Ni feda nake gyarawa. Feda kuwa ta keke ce."

Safiyar ɗaurin aure saƙo ya shigo wayar amarya.

"Sarauniyata, na gwada fedar Baba. Na hau har sama, ban ji zafi ko kaɗan ba. Rabona da haka tun kafin motar nan. Na tsaya a gindin tanki ina kuka kamar yaro, kar ki gaya wa kowa."

Ta amsa: "Na riga na gaya wa Umma. Ka yi sauri ka sauko, Malamina, ana jiran ango."

Aka ɗaura aure, jama'a suka watse, ya rage 'yan gida. Shugaba ya kira su biyun falo, Umma na gefensa. Ya daɗe yana kallon 'yarsa, sai da Umma ta taɓa shi.

"Na ce ba za ka iya tudu ba," ya ce da angon. "Ashe kai kullum a kansa kake, mu ne ba mu gani ba. Ga Autata nan, ita ce ta ƙarshe, ban da wata. Na ba ka ita da zuciya ɗaya."

Ya kama hannun 'yar ya ɗora a cikin na mijinta, ya riƙe su duka biyun da hannayensa masu kanta.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari. Inda ɗayanku ya gaza, Allah ya ba ɗayan ƙarfi."

"Amin, Baba," in ji angon.

Wannan karon Shugaba ya amsa sunan. Ya jawo shi ya rungume, kafaɗunsa na rawa, Umma da Auta suna ta amin suna share hawaye.